Yadda ake auna bugun wutar lantarki

Wutar lantarkin Najeriya tana kai-komo sau 50 a kowace daƙiƙa, abin da ake kira Hertz 50. Ƙa'ida ta yarda bugun ya tsaya tsakanin 49.75 da 50.25 ne kawai.

Idan buƙata ta fi ƙarfin tashoshin samar da wuta, bugun yakan faɗi, gudun injinan masana'antun Sharaɗa da Bompai ya ragu. Tashar hasken rana mai megawat 10 da aka buɗe a Challawa, kusa da Zawaciki, a 2023, ita ma dole ta bi wannan bugun.

Ƙirga kai-komon na daƙiƙa guda dai bai wadatar ba, domin kuskuren ƙirga ɗaya tak ya zarce tazarar da aka amince da ita.

Saboda haka na'urar tattara bayanai, wadda ake haɗawa da kwamfuta, tsawon kai-komo ɗaya take aunawa. Agogo mai bugawa sau miliyan a daƙiƙa zai ƙirga 20,000 a cikinsa, kuskuren kuwa Hertz 0.0025 ne.

Sai dai tartsatsin injinan walda kan ruɗa na'urar ta ƙirga bugun ƙarya, shi ya sa ake tace siginar tukuna.