Inji ɗaya, dawakai iri-iri: tarihin baƙar Buick daga 1978 zuwa 1987

Rubutun yau zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi sai ya shiga laburare.

Tun watan Nuwamban 2024 da mawaƙin nan na Amurka Kendrick Lamar ya fitar da albam ɗinsa mai suna GNX, baƙar motar da ke jikin hoton ta shigo hirar samari, har a nan jami'a. Wasu kuma tun a fim ɗin Fast & Furious na 2009 suka san ta. Duk inda aka tayar da zancenta sai musu ya sarƙe. Wannan ya ce ƙarfin doki 200 gare ta, wancan ya ce 245, wani ya buɗe waya ya nuna 276. Abin dariyar, babu maƙaryaci a cikinsu. Kowa shekara daban ya ɗauko. Injin kuwa ɗaya ne, silinda shida, lita 3.8, bai ƙara girma ba tun daga farko har ƙarshe. Da yake karatun injiniyan injuna nake yi a digiri na biyu, na ga ya dace in jero tarihin yadda lambar ta riƙa canzawa, don akwai darasi a ciki har ga wanda bai damu da mota ba.

Mu fara da dokin kansa. James Watt, injiniyan nan ɗan Sikotilan, shi ya yaɗa wannan ma'auni a ƙarshen ƙarni na 18, don ya nuna wa masu saye dawakai nawa injinsa na tururi zai maye. Doki ɗaya a lissafin Ingila da Amurka wat 746 ne, wato kusan ƙaramin janareton da muke kunna fanka da cajin waya. Na Jamus da Japan kuma wat 735.5 ne. Kun ga tun ba a je ko'ina ba, dokin ma iri biyu ne.

A 1970 motocin Amurka suna ganiyarsu. Fetur araha, injuna manya. Buick, wanda reshe ne na kamfanin General Motors, yana da inji mai silinda takwas, lita 7.5, da aka rubuta masa doki 360 a samfurin da ake kira Stage 1. Zuwa 1972 wannan injin ya koma 270. Ina dawakai 90 suka shiga? Wasu sun tafi da gaske, don daga 1971 kamfanin ya rage matsin silinda saboda injunan su iya shan fetur maras dalma. Amma da yawansu a takarda kawai suka ɓace. Kafin lokacin, ana gwada inji ne tsirara a kan benci, babu salansa irin ta mota, babu matatar iska, babu fanka da sauran abubuwan da fambel ke ja. Daga 1972 aka koma gwada shi da duk kayansa kamar yadda zai zauna a cikin mota. Saboda haka duk wanda ya ɗora lambar 1970 kusa da ta 1975 ya ce ga bambanci, mudu biyu ya auna hatsi da su.

Sai kuma matsaloli suka taru wa masu ƙera motoci. Dokar tsabtace iska ta 1970 ta matsa musu kan hayaƙi, har daga 1975 yawancin motoci suka fara zuwa da katalis, abin nan na cikin salansa da makanikanmu ke kira indomi. A Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, gangar ɗanyen mai ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Mu a nan lokacin ne kuɗi suka shigo, aka yi rabon Udoji, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975. Su kuwa can layin mai suke bi. A 1975 majalisarsu ta kafa doka cewa matsakaicin motocin kowane kamfani dole ya kai mil 18 a galan ɗaya a 1978, ya hau zuwa mil 27.5 a 1985. Sakamakon haka, Corvette, motar da Amurkawa ke alfahari da ita, ta fito a 1975 da doki 165 kacal a ƙaramin samfurinta.

Nan ne Buick ya tuna da wani tsohon kayansa. Tun 1962 ya ƙera inji mai silinda shida, amma da ya ga mutane sun fi son manya, sai ya sayar wa masu ƙera Jeep da kayan aikin injin a 1967. Da mai ya yi tsada, ya koma ya sayo abinsa a 1974. Hausawa suka ce tsohuwar zuma da ita ake magani. Injin ya dawo a 1975 da lita 3.8 da doki 110. Ba ya shan mai sosai, amma fa ba ya gudu. Maganin da injiniyoyin suka samo shi ne turbo.

Aikin turbo a taƙaice: ƙarfin inji ya dogara ne da yawan fetur ɗin da zai iya ƙonawa, fetur kuma ba ya ƙonuwa sai da iska. Hayaƙin da ke fita ta salansa yana ɗauke da ƙarfin da ake asararsa. Turbo na amfani da wannan hayaƙin ya juya wata 'yar farfela, ita kuma ta juya 'yar uwarta da ke ɗura iska cikin silinda da ƙarfi. Ƙaramin inji sai ya riƙa shaƙar iska kamar babba idan an taka, ya koma ɗan ƙaraminsa idan an sassauta ƙafa.

A 1978 Buick Regal mai turbo ta shiga kasuwa, kuma tun a shekarar farko lambobi biyu gare ta: doki 150 idan kafireto mai maƙogwaro biyu ne, 165 idan mai huɗu ne. Daga nan tafiyar ta zama ta hawainiya. Zuwa 1982 lambar 175 ce, wato doki goma a shekara huɗu. Dalili shi ne kafireto ba ya iya raba fetur daidai wa daida ga silinda shida idan turbo ya taso, kuma idan aka ƙara matsin iska sai fetur ya riƙa kamawa da wuta kafin lokacinsa, a ji fistin na ƙwanƙwasa. Wannan ƙwanƙwasar kan kashe inji, don haka dole aka riƙe turbon da linzami.

A 1982 ɗin ne sunan Grand National ya fara fitowa, an aro shi daga gasar tseren NASCAR, inda Buick ya ci kofin kamfanoni a 1981 da 1982. Ga abin da zai ba masu musu mamaki: Grand National ta farko ba baƙa ba ce, ruwan toka ce da ruwan azurfa, guda 215 aka yi, kuma yawancinsu ko turbo babu. Inji ne mai lita 4.1 da doki 125. A 1983 ma ba a yi ta ba sam.

Baƙar da muka sani a 1984 ta zo. An jefar da kafireto, aka sa wa kowace silinda injektarta, kwamfuta na lissafa fetur da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Lambar ta hau 200, haka kuma ta tsaya a 1985. Corvette ta 1984 mai silinda takwas da lita 5.7 doki 205 gare ta. Motar da ake wa kallon ta dattawa masu zuwa ofis ta zo dab da ita.

Babban tsallen a 1986 aka yi, daga 200 zuwa 235, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Duk wanda ya taɓa buga wa keke iska ya san famfon yana ɗaukar zafi. Haka iskar turbo take, matse ta da ake yi na iya kai ta sama da digiri 100. Iska mai zafi kuwa a buɗe take, iskar shaƙa kaɗan ce a cikinta, ga shi tana jawo ƙwanƙwasar da muka ambata. A motocin 1984 da 1985 wannan zazzafar iskar kai tsaye take shiga inji, shi ya sa har yau masu tara motocin ke kiran su masu iska mai zafi. A 1986 aka sa intakula, wato wani ɗan lagireto da iskar ke ratsawa ta huce kafin ta shiga silinda, aka kuma sake fasalin bututun shigar iskar.

Ga lissafin da kowane ɗan aji biyu zai iya yi, da lambobin misali nawa. A ce iska ta fito daga turbo a digiri 120, intakula ta sauke ta zuwa 60. A ma'aunin Kelbin 393 ne da 333. Raba su, za ka samu kusan 1.18, wato ƙarin iska kashi 18 cikin 100 a silinda ɗaya, matsi bai canza ba. Yanzu raba 235 da 200, za ka samu 1.175. Ba wai wannan kaɗai ne ya kawo ƙarin ba, don sanyin iskar ya kuma ba kwamfuta damar sakin linzami ba tare da ƙwanƙwasa ba. Amma ka ga inda dawakai 35 suka fito, ba a ƙara ko cokali ɗaya a girman injin ba.

A 1987 lambar ta zama 245. Ƙarfin murɗa taya, wanda shi ne ke manna bayanka da kujera idan an taka, ya tashi daga wajen Nm 407 a 1984 zuwa 447 a 1986, zuwa 481 a 1987. Kasuwa ma ta amsa: Grand National 5,512 aka yi a 1986, a 1987 kuwa 20,193, don labari ya bazu cewa shekarar ƙarshe ke nan.

To ku duba wani abu. Corvette ta shiga 1986 da doki 230, Buick ya rubuta 235. A 1987 Corvette ta koma 240, Buick ya rubuta 245. Tazarar biyar, sau biyu a jere, tsakanin 'ya'yan gida ɗaya. Ni dai a ganina wannan ba aikin benci kaɗai ba ne, akwai hannun masu talla a ciki. Lambar da ke cikin takardar talla mutane ne ke zama su amince da ita, kuma suna da abin da suke so ta faɗa.

GNX ita ce bankwana. Buick ya ɗauki Grand National 547 na 1987 ya miƙa wa kamfanin ASC da McLaren na Amurka. Suka sa turbon Garrett mai farfelar tangaran, wadda rashin nauyinta ke sa ta saurin juyawa, suka inganta intakula, suka sake lissafin kwamfuta, suka buɗe salansa, suka ƙarfafa ƙafar baya don taya ta riƙe ƙasa. A takarda doki 276 da Nm 488, farashi kusan dala 30,000. Mujallar Car and Driver ta gwada ta, ta kai mil 60 a awa, kusan kilomita 97, cikin daƙiƙa 4.7. Mota ce mai nauyi, mai kujerun iyali, mai giya otomatik. Wannan gudun ya sa masana motoci da yawa suka tsaya a kan cewa an rage lambar da gangan, ainihin ƙarfin ya kai wajen 300. Wato a wannan karon takardar ƙasa ta yi da gaskiya, saɓanin 1970 da ta yi sama da ita.

A Disamban 1987 aka ƙera ta ƙarshe. Regal ta 1988 ta koma mai jan tayar gaba, zancen ya ƙare. Injin ya sake leƙowa sau ɗaya a 1989 cikin Pontiac Trans Am mai turbo, da lamba 250. Daga 150 zuwa 276 a shekara tara, kusan ninki biyu, a lita 3.8 ɗin nan dai.

Me ya shafe mu? Na farko, hanyar da Buick ya bi ita duniya ta bi daga baya. Tokumbo da yawa da ke shigowa yanzu ƙananan injuna ne masu turbo, irin Honda Accord ta 2018 mai lita 1.5. Lambar da ke takardarsu an daidaita ta ne a kan iska mai digiri 25. A zafin watan Maris, cikin cunkoso, da intakula da ƙura ta toshe, kada ka sa ran dawakan za su fito duka. Kuma idan dillali ya ce maka motar ta shekara kaza ce, ga motocin Amurka tun daga 1981 harafi na goma a lambar shasi shi ke faɗin shekarar. A Buick ɗin nan F na nufin 1985, G na nufin 1986, tsakaninsu kuwa doki 35 ne da kuɗi masu yawa.

Na biyu, kuma wannan ya fi damuna, shi ne yadda muke ɗauko alƙaluma mu zuba a kundin bincike. Sau nawa ake ganin tebur a babi na biyu an jera lambar 1970 da ta 1990 a layi ɗaya, ba a tambayi yadda aka auna kowacce ba? Ba a injiniya kaɗai ba. Mai karatun tattalin arziki ya san an sake ma'aunin arzikin Najeriya a 2014, lambar ta kusa ninkawa a rana ɗaya alhali ko masana'anta ɗaya ba a ƙara ba. Malamin waje da zai zo ranar kare kundi, irin wannan yake nema, kuma tambaya ɗaya daga gare shi na iya mayar da mutum baya da zango guda. Kafin ka kwafi lamba, ka san shekararta, ka san mudun da aka auna ta da shi, ka kuma san wanda ya rubuta ta da abin da yake nema da ita.

Masu Porsche 911 Turbo, na san za ku ce taku ma ta tashi daga 260 a 1975 zuwa 300 a 1978. Gaskiya ne, amma ita har girman inji aka ƙara mata, daga lita 3.0 zuwa 3.3, kuma da dokin Jamus aka ƙirga. Wannan sai wani zaman. Allah ya ba masu jarabawa sa'a, ya sa mu gama lafiya.