Daga Ragaya Zuwa Kabad: Ma'ajiyar Kayan Ɗaki a Ƙasar Kazaure

Lokacin da Ibrahim Ɗantunku ya kafa masarautar Kazaure wajen 1819, aikin itace na masassaƙi ne. Da gatari da gizago yake fafe gungume ya fitar da turmi da akushi da kujerar tsuguno. Abin da gizago ba ya fitarwa shi ne faffaɗan katako da za a haɗa da ƙusa a yi akwati ko kanta. Don haka mace a Roni ko Gwiwa ba ta da inda za ta rufe kayanta da mukulli, sai dai ta rataye su ko ta jera.

Ragaya ce kabad ɗin wancan zamani. Igiya ce da ake saƙawa a ɗaura a rufin ɗaki, a ɗora ƙwarya kan ƙwarya, nono da fura su tsira daga tururuwa da hannun yara. Tufafi suna cikin adudu, fitilar aci-bal-bal tana cikin alkuki a jikin bango. Ruwa kuwa yana randa, can a kusurwa, gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi, an kifa mata faifai da moɗa a kai.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma da shi katakon kudu ya fara hawowa arewa. Kananzir yana zuwa cikin garwa, garwa biyu a akwatin katako ɗaya, kuma babu abin da aka yar: garwar ta koma hannun masu sayar da ruwa, akwatin ya zama benci ko ma'ajiyar tufafi. Kafintocin farko galibi baƙi ne mazauna Sabon Garin Kano, a wurinsu yaran Hausawa suka koyi riƙon zarto. Da kamfanin UAC ya kafa masana'antar falanki a Sapele bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka samu katako siriri mai araha. Kazaure tana kan hanyar Kano zuwa Daura, ba ta daɗe tana jiran sabon yayi ba.

Amma kwano ne ya jawo kabad cikin ɗakin amarya, ba katako ba. Tasoshin ƙarfe masu fenti sun fara zuwa daga Turai, daga baya daga Hong Kong, sannan a shekarun 1960 'yan kasuwar Hong Kong ɗin suka kafa masana'antunsu a Najeriya, har da Kano. Langa da kumbo da fanteka suka yi yawa, suka ture ƙwarya daga jere. Da farko danƙo ake liƙa wa farantai a manna su a bango, sahu-sahu har kusa da rufi. 'Yan jere kan wuni suna wannan aiki kafin a kawo amarya, gwaggo tana cewa a ɗaga wancan, inna tana cewa a sauke. Bangon ƙasa kuma ba ya riƙe nauyi har abada. Damina ta yi nisa, danƙo ya saki, faranti ya faɗo ya ɓare fenti.

Kabad mai gilashi ya warware matsalar, kuma ba don ɓoyo aka yi shi ba. An yi shi ne don a gani. 'Yan ganin ɗaki suna shigowa su ƙirga saiti da ido, su fita da labarin abin da uwar amarya ta yi wa 'yarta. Yawancin kwanukan ba a taɓa zuba musu tuwo ba. Dukiya ce ta matar, ba ta miji ba, kuma in rana ta ɓaci ta cire saiti ɗaya ta sayar, ko ta adana shi har auren tata 'yar. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda ribar tallar yarinya take tafiya wajen tara waɗannan kaya tun tana ƙarama. Kuɗin ƙarin albashi na Udoji da suka shiga hannun ma'aikata a 1975 sun ƙara wa abin wuta: gado mai fomeka, kabad mai madubi, daga baya dibaida cike da tangaran da kuloli.

A duk tsawon wannan tarihi, kayan da aka fi taɓawa kullum ba su samu gurbi ba. Guga da tulu da bokiti da jarka suna bayan ƙofa ko gindin bishiya a tsakar gida. Ko a Kazaure, mai madatsar ruwa a gefen gari, kafinta bai taɓa ɗaukar randa a matsayin abin yi wa gida ba, kuma yana da hujja: randa tana sanyaya ruwa ne saboda tana tsattsafo iska tana bugunta. A rufe ta cikin katako, ruwan ya yi ɗumi, katakon ya ruɓe.

Sai bayan an ƙirƙiri Jigawa a 1991, gidajen siminti masu kicin a ciki suka yawaita, sannan aka fara neman kabad mai ƙofa rufaffiya, wanda zai ɓoye bututun famfo da tukunyar gas da jarkoki.

A nan kafintan yau yake gamuwa da tsohuwar matsalar randa. Katakon garin itace da ake shigowa da shi daga Sin yana da kyau a ido, amma da ya sha ruwa sai ya kumbura kamar burodi. Ga nauyi kuma: kowace lita kilo ɗaya ce, jarka huɗu masu lita 25 sun kai buhun masara. Shi ya sa ƙwararrun kafintoci a Kazaure da Babura suke sayo maɗaci ko falanki mai kauri daga 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano, su ɗaga kabad ɗin kan ƙafafu don kada ruwan mopa ya taɓa shi, su bar ɓuli a baya inda iska za ta riƙa shiga.