Bindigar Talaka da Barewar Amurka: Tarihin Wani Zaɓi

Gabatarwa

Duk shekara, idan watan Nuwamba ya kama, dazuzzukan Amurka kan cika da mutane sanye da riguna masu launin ruwan goro. Lokacin farautar barewa ke nan. Barewar tasu ta sha bamban da ta sahel: ta fi ta girma, ƙarƙashin wutsiyarta fari ne fat, namijin kuma yana da ƙahoni masu rassa, waɗanda kan zube kowace shekara wasu su tsiro. A jihar Pennsylvania, makarantun ƙauye da dama sun daɗe suna rufe ƙofa ranar Litinin ta buɗe farauta, domin malamai sun san ko an buɗe aji, kujeru za su koyar. Sai a shekara ta 2019 aka mayar da ranar buɗewar Asabar.

Kafin wannan rana, akwai saurayin da ke tsaye gaban kanti da ƴan kuɗin da ya tara, yana tambayar wace bindiga zai fara da ita. Tambayar ta yi kama da ƙaramin ciniki tsakanin mai saye da mai sayarwa. Amma tarihi ya nuna cewa a kowane zamani ba a kanti ake yanke amsarta ba. Masana'anta da fagen yaƙi da majalisar dokoki su ne ke yanke ta tun kafin saurayin ya iso.

Zamanin fata da albarushi

A ƙarni na 18, fatar barewa na cikin manyan hajojin da yankunan Amurka da ke ƙarƙashin mulkin Ingila ke fitarwa. Daga tashar jiragen ruwa ta Charleston ake loda ta zuwa Turai, inda ake ɗinka safar hannu da wanduna da ita. Cinikin ya kai ga fata ta zama ma'aunin kuɗi, shi ya sa har yau Amurkawa ke yi wa dala laƙabi da «buck», kalmar da asalinta ke nufin namijin barewa.

Bindiga iri biyu ce a gaban maharbin wancan lokaci. Ta farko ita ce doguwar bindigar da maƙeran Jamusawa mazauna Lancaster, cikin Pennsylvania, suka shahara da ƙerawa. Cikin bututunta akwai tsaga mai murɗewa wadda ke sa harsashi ya fita yana juyawa, ya tafi sak zuwa inda aka auna. Bakinta ƙarami ne, saboda haka tana tattalin darma da albarushi, sai dai aikin hannu ce, tana da tsada. Ta biyu ita ce bindigar fatauci mai sulɓin ciki, wadda ake ɗurawa ta baki. Ba ta kai nesa ba, amma tana da araha kuma gyaranta ba wuya. Da ita Turawa ke musayar fata da ƴan asalin ƙasar. Da yawa daga irin waɗannan bindigogi a Birmingham ta Ingila aka ƙera su, garin da ya riƙa ƙera na fataucin gaɓar Afirka ta Yamma, kakannin adakar maharbanmu. Talaka, ko a wace nahiya yake, ta biyun ce rabonsa.

Bindigar da ta zo a ƙurarren lokaci

A shekara ta 1894 kamfanin Winchester ya fitar da wata bindiga da John Moses Browning ya tsara. Tana da mariƙi a ƙarƙashi: idan aka tura shi gaba aka dawo da shi, sai kwankon da aka harba ya fice, sabon harsashi ya shiga. Nauyinta bai wuce kilo 3 da ɗan abin da ba a rasa ba, ana iya yini da ita a hannu cikin kurmi. A 1895 aka yi mata harsashi mai albarushi marar hayaƙi, wanda aka fi sani da .30-30. Lambar farko faɗin harsashin ce, wajen milimita 7 da rabi. Ta biyu kuwa awon albarushin ce, kusan gram 2. Yana kayar da barewa a tazarar mita 150, kuma a cikin kurmi da wuya maharbi ya hango dabba nesa da haka.

Manomi bai buƙatar zuwa birni don ya same ta. Manyan kantuna irin su Sears suna aika kundin hajojinsu har ƙauye, mutum ya zaɓa, ya tura kuɗi, kaya su iso ta jirgin ƙasa. Ta miliyan ɗaya da aka ƙera, shugaba Calvin Coolidge aka bai wa a 1927. Ta miliyan 2 kuma shugaba Eisenhower a 1953. Kafin a rufe masana'antar New Haven a 2006, an ƙera fiye da miliyan 7.

Abin mamaki shi ne wannan bindiga ta fito ne a daidai lokacin da barewa ke gab da ƙarewa. An sare dazuzzuka don noma da katako, mafarautan kasuwa kuma suna kashewa ba rani ba damina, jiragen ƙasa na kwasar nama zuwa birane. Masana na ƙiyasta cewa wajajen 1900 barewa mai farar wutsiya da ta rage a ƙasar duka ba ta wuce 500 000 ba. A wasu jihohi, ganin sawunta kaɗai ya zama labari.

Dokokin da suka dawo da barewa

Gyaran ya fara ne daga hana cin kasuwar naman daji. Dokar Lacey ta 1900 ta haramta tsallaka iyakar jiha da dabbar da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, abin da ya karya lagon dillalai. Jihohi suka ƙayyade lokacin farauta da yawan abin da mutum zai kashe. Pennsylvania ta fara sayo barewa daga Michigan a 1906 tana saki cikin dazuzzukanta, a 1907 kuma ta hana harbin mace.

Saura kuɗin aiki. A 1937 shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu kan dokar da ke ɗauke da sunan ƴan majalisa biyu, Key Pittman da Willis Robertson. Dokar ta ware harajin da ake karɓa kan bindigogin farauta da harsasai, wanda daga baya ya tsaya kan kashi 11 cikin 100, ta ce ba za a kashe shi ba sai kan namun daji: sayen daji, biyan masu bincike, mayar da dabba inda ta ɓace. Gwamnatin tarayya na biyan kashi 75 cikin 100 na kowane aiki, jiha ta cika sauran. Akwai kuma sharaɗi mai ƙarfi: jihar da ta karkatar da kuɗin takardar izinin farauta zuwa wata hidima ba ta da rabo. Da wannan tsari, da kuma gonakin da aka yi watsi da su suka koma daji, barewa ta farfaɗo har yawanta ya kai wajen miliyan 30 bisa ƙiyasi. Tun daga lokacin, duk mai sayen sabuwar bindiga, komai arharta, yana biyan wani abu na rayuwar dabbar da zai harba.

Gwanjon yaƙi

Hanya ta biyu da bindiga mai araha ta bi zuwa hannun talaka ita ce rumbun soja. Bayan yaƙin Amurka da Spain na 1898, wani ɗan kasuwar New York mai suna Francis Bannerman ya saye tarin makaman da aka ƙwato, har ya gina musu ma'aji a wani tsibiri cikin kogin Hudson. Sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na farko kuma sun saba da bindiga mai sakata, wato wadda ake ɗaga wani ɗan hannu a ja baya a mayar, kamar sakatar ƙofa. Harsashinta na 1906, wanda ake kira .30-06, ya fi .30-30 ƙarfi da nisa, kuma ya zama na farauta.

Babban gwanjon ya zo ne bayan 1945. Ƙasashen Turai na sauya makamai, tsofaffin sun yi musu yawa. Samuel Cummings, wanda ya kafa kamfaninsa a 1953, da ire-irensa suka riƙa sayen su jirgi-jirgi: Mauser ta Jamus, Lee-Enfield ta Ingila, Carcano ta Italiya. Ma'aikacin masana'anta kan sayi ɗaya, ya rage mata katako, ya cire wurin ɗaura wuƙa, ya huda ƙarfe ya ɗora madubin hangen nesa. Araha dai ba ta ado: wasu cikinsu ya cinye, harsashin soja mai rufin ƙarfe kuma kan ratsa dabba ya wuce, ta gudu ta mutu a ɓoye, har jihohi da yawa suka hana farauta da shi. Duk da haka iyalai masu yawa da irin waɗannan bindigogi suka ci nama.

Wannan kasuwa ce ta sayar wa Lee Harvey Oswald bindiga. A watan Maris na 1963 ya aika wa wani kanti na Chicago dala 19 da santi 95, ban da kuɗin aike, aka turo masa Carcano da madubinta ta gidan waya, da sunan da ba nasa ba. Ranar 22 ga Nuwamba aka harbe shugaba Kennedy da ita a Dallas. Bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968, majalisa ta yi dokar da ta hana aika wa mutum bindiga ta gidan waya daga wata jiha, ta hana shigo da ta soja, ta kuma ce dillali ba zai sayar wa wanda bai kai shekara 18 doguwar bindiga ba. An sassauta a 1984 game da tsofaffin bindigogi, sai Mosin-Nagant ta Rasha da SKS ta China suka cika kantuna, sau da yawa a ƙasa da dala 100. A 1994 aka rufe ƙofar ta China, rumbunan gabashin Turai kuma suka yi ta raguwa har arhar ta wuce.

Zamanin roba da inji

Gasar gwanjo da tsadar ƙwadago sun matsa wa masana'antun gida. A 1964 Winchester ya rage aikin hannu, ya musanya wasu sassan da aka sassaƙa da waɗanda aka buga da inji. Masu saye suka ji an ci amanarsu, kuma har yanzu bindigar da aka ƙera kafin 1964 ta fi daraja a kasuwa. Wasu sun bi wata dabara: maimakon rage ingancin tsohon fasali, sai su tsara sabo mai sauƙin ƙira. Kamfanin Savage ya fitar da samfurin 110 a 1958, wanda ya samo sunansa daga farashinsa, kusan dala 110. An ɗaure bututunsa da wani zobe mai murɗi wanda ke sa a daidaita shi cikin ɗan lokaci ba tare da gwanin maƙeri ba.

Wannan dabara ce ta yi nasara. Da injunan da kwamfuta ke sarrafawa suka yawaita, aka maye gurbin katako da roba, sai ga Savage Axis wajajen 2010 da Ruger American a 2012, masu sakata, a ƙasa da dala 500. Ba su da kyan gani, amma wajen samun abin da aka auna sun fi yawancin masu tsada na zamanin kakanni. Al'amari ya juya: bindiga mai mariƙi a ƙarƙashi, ta manomin jiya, sabuwarta ta haura dala 1000, ta Winchester ma a Japan aka koma ƙera ta.

Saboda haka shawarar da tsofaffin maharba ke ba sabon shiga ta sauya. Ya fara duba dokar jiharsa, domin akwai yankuna masu cunkoson jama'a da ba a yarda da harsashi mai tafiya nesa ba. Ya zaɓi harsashin da ake samu a kowane kantin ƙauye, irin su .308 ko .270 ko .30-06, ko kuwa .243 idan kafaɗarsa ba ta jure bugu. Ya kuma bar rabon madubi da na harsasan atisaye cikin kuɗinsa, don bindigar da mai ita bai saba da ita ba raunata dabba take yi.

Kammalawa

Yau, kafin saurayi ya shiga daji, sai ya zauna aji. Jihar New York ce ta fara wajabta darasin kiyaye haɗari ga sabon maharbi a 1949, sauran suka bi. Daga nan sai takardar izini, sannan bindiga. Wannan jeri shi ne bambancin 1900 da yau, domin ƙarfin bindiga bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi.

Tsarin yana da nasa rauni. Binciken hukumar kula da namun daji ta tarayya ya nuna maharba sun ragu daga miliyan 13 da dubu 700 a 2011 zuwa miliyan 11 da rabi a 2016. Idan matasa suka daina sayen takardar izini, kuɗin jihohi na kula da daji zai ragu, barewa kuma ta yi yawa har ta cinye tsiron itatuwa ta addabi gonaki da hanyoyin mota. Shi ya sa hukumomin daji ke damuwa da samun bindigar da ɗan talaka zai iya saye. Bindigar fatauci ta taimaka wajen kwashe barewa a lokacin da babu doka. Jikanyarta ta roba, da doka ta ɗaure kuma haraji ya hau kanta, tana cikin masu ciyar da ita.