Kanarin da ya ɓace shekara ɗari

1/ Jiya da la'asar, kusa da hasumiyar Gobarau, na ga wani yaro riƙe da keji, kanarinsa sai rera kuka yake. Shi ya tuna min da labarin babban yayan tsuntsun nan. Ku matso ku ji.

2/ Kudu da gaɓar tekun Najeriya akwai tsibirin Sao Tome. Da can babu kowa a cikinsa, kurmi ne zalla, har Turawan Fotugal suka iso wajen 1470. Suka kawo bayi aka noma rake, daga baya kofi da koko. Farkon ƙarni na 20, ɗan tsibirin nan na sahun gaba a duniya wajen fitar da koko. Kowace gona kuwa kurmi aka sare.

3/ Tsakanin 1888 da 1890 wani Francisco Newton ya samo tsuntsaye uku a kurmin: launin ƙasa mai ja-ja, baki mai kaurin gaske. Daga nan shiru. Shekara ɗari babu masanin da ya sake sa shi a ido.

4/ Abin haushi, biyu daga cikin ukun an ajiye su a gidan tarihi a Lisbon, gobara ta cinye su a 1978. Saura ƙwaya ɗaya tak a Ingila.

5/ Sai 1991 aka gan shi da rai, kusa da kogin Xufexufe a kudu maso yammacin tsibirin. To me ya tsare shi? Ba doka ba ce fa. Wurin ne duwatsu da kwazazzabai, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, masu koko suka ga ba riba, suka ƙyale. A ganina sa'a ce kawai.

6/ A 2017 binciken ƙwayoyin halitta ya nuna ashe kanari ne, dangin namu na keji, kuma duk duniya ba kanarin da ya kai shi girma. Tsawonsa kamar santimita 20.

7/ Yau ƙungiyar IUCN ta sa shi a matakin haɗari mafi tsanani, dab da ƙarewa: manyansu ba su kai 250 ba. An kafa gandun Obo a 2006, amma ga gonar kwakwar manja a gefensa, ga ɓeraye da biran da jiragen ruwa suka shigo da su.

8/ Namu kanarin dai yana layin waɗanda ba a fargaba a kansu. Amma ungulu ma a layin nan take a da, 2015 ta faɗo mataki ɗaya da na Sao Tome. 'Yan Katsina, tsakani da Allah, yaushe rabonku da ganinta a kwata?