Littattafan da 'Yan Morisko Suka Ɓoye a Ƙarƙashin Daɓe

A shekarar 1884 magina suna gyaran wani tsohon gida a Almonacid de la Sierra, ƙaramin gari a lardin Zaragoza na ƙasar Sifaniya, sai suka ɗaga katakon daɓe suka tarar da tarin littattafai a jibge. Ba su san darajarsu ba, har wasu suka ƙare a wuta kafin masana su ji labari. Da aka buɗe waɗanda suka tsira, haruffan na Larabci ne, amma Balarabe ba zai gane abin da da yawansu ke faɗa ba, domin harshen Sifaniyanci ne. Ajami ne, irin wanda malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna rubuta waƙoƙin wa'azi da shi. Akwai fikihu a ciki, da addu'o'i, da ƙissoshin annabawa.

Masu littattafan su ne 'yan Morisko, wato Musulmin Sifaniya da aka tilasta wa shiga Kiristanci, da 'ya'yansu da jikokinsu. Duk malamin da zai koyar da tarihin ƙasar na ƙarni na 16 da na 17 sai ya bi ta kansu, kuma takardu iri biyu ne a gabansa: waɗanda hukuma ta rubuta a kansu, da waɗanda suka rubuta wa kansu a ɓoye.

Labarin ya faro ne da alkawari. A ranar 2 ga Janairun 1492 Sarki Abu Abdullahi ya miƙa Garnaɗa, masarautar Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ga Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella. Yarjejeniyar da aka ƙulla ta bar wa mutanen birnin masallatansu da alƙalansu da dukiyarsu. Ba a je ko'ina ba aka warware ta. A 1499 babban limamin coci Cisneros ya iso ya shiga yi wa jama'a baftisma rukuni-rukuni, aka kuma ƙone littattafan Larabci a dandalin Bib-Rambla. Unguwar Albaicín ta yi bore, sai hukuma ta ce ai boren ya rushe alkawarin. A 1502 aka ba Musulmin Castile zaɓi, ko tuba ko ƙaura. Zuwa 1526 dokar ta game ƙasashen Aragon, har da Valencia.

Wata takarda da ɗalibai ke yawan karantawa daga wannan zamani ita ce fatawar da wani malamin Malikiyya, Ahmad ibn Abi Jum'a al-Wahrani, ya aika wa Musulmin Sifaniya a 1504. Ya yi musu rangwame su yi salla ko da ishara, su yi taimama in alwala za ta tona asirinsu, in kuma an matsa musu su ci haram, su ci alhali zuciya na ƙi. An samu fatawar da Larabci, an kuma same ta a fassare da ajami, alamar ta yi yawo hannu da hannu.

Hukuma ma ba ta yi barci ba. Kotun binciken aƙida ta coci ta cika kundaye da shaidun maƙwabta: wane ba ya cin naman alade, wance ta sa fararen kaya ranar Juma'a, gidan su wane ba a ga hayaƙi da rana ba duk watan azumi. Magatakardan kotun laifi suke nema, amma a cikin neman sai suka bar wa masana tarihi bayanin abin da talaka ke ci, da yadda yake aure, da yadda yake binne mamacinsa.

A farkon 1567 Sarki Filib na Biyu ya sa aka yi shelar doka a Garnaɗa. An ba mutane shekara uku su koyi Sifaniyanci su bar Larabci. An hana suturarsu, da sunayensu, da lalle, da gidajen wanka, an ce ƙofofin gida su zauna a buɗe ranar Juma'a da ranar biki. Wani dattijo daga cikinsu, Francisco Núñez Muley, ya rubuta doguwar takardar koke. Hujjarsa ita ce sutura al'adar yanki ce, ba addini ba, kuma akwai Kiristoci a gabas da ke magana da Larabci ba wanda ya ce sun bar addininsu. Ya kuma tambayi yadda za a yi da takardun gonaki da na bashi, tunda duk da Larabci aka rubuta su. Ba a saurare shi ba. A daren Kirsimeti na 1568 tawaye ya ɓarke a duwatsun Alpujarras ƙarƙashin Aben Humeya, aka yi ta zubar da jini har 1571. A cikin yaƙin da bayansa an kwashe kimanin mutum 80,000 daga Garnaɗa aka warwatsa su cikin garuruwan Castile.

Sai babbar kora. Sarki Filib na Uku da wazirinsa, Duke na Lerma, suka yanke shawara a Afrilun 1609, aka karanta shelar a Valencia ranar 22 ga Satumba. Kwana uku aka ba kowa ya shirya, ya ɗauki abin da zai iya ɗauka, ya nufi bakin teku. Shelar ta ce a bar gida shida cikin kowane ɗari don su koya wa sababbin mazauna aikin ban ruwa da matsar rake, abin da ke nuna hukuma ta san su wa ke riƙe da noma. Zuwa 1614, lokacin da aka gama da mutanen kwarin Ricote, kusan mutum 300,000 sun fita. Valencia kaɗai ta rasa kusan kashi ɗaya bisa uku na mutanenta, masu gonaki suka wayi gari ba manoma, masu ba da bashi ba mai biya.

Masanin tarihi ɗan Faransa Henri Lapeyre ne ya tattara wannan lissafi a littafinsa na 1959, ta hanyar bin rajistocin jiragen da suka yi jigilar, waɗanda ke ajiye a Simancas. Wannan ma'ajiyar takardu tana cikin wata ganuwa kusa da Valladolid, Sarki Charles na Biyar ya kafa ta a 1540, ɗansa Filib na Biyu, sarkin da aka san shi da son takarda, ya tsara mata dokoki a 1588. Yau an ɗora hotunan takardu masu yawa na ma'ajiyoyin gwamnati a dandalin intanet na PARES, littattafan Almonacid kuwa mafi yawansu suna wani ɗakin karatu na hukumar binciken kimiyya a Madrid. Malami kan haɗa da zane-zanen da aka yi a 1612 da 1613 na yadda aka loda mutane a tashoshin jiragen Valencia, da kashi na biyu na Don Quixote na 1615, inda Cervantes ya kawo wani korarre mai suna Ricote da ya dawo a ɓoye ya haɗu da tsohon maƙwabcinsa Sancho.

Waɗanda aka kora sun bazu a arewacin Afirka. Wasu sun gina Testour a Tunisiya, mutanen garin Hornachos kuma suka sauka a Rabat suka kafa 'yar jamhuriyar da jiragenta suka addabi Turawa a teku. A 2015 majalisar Sifaniya ta yi dokar da ta buɗe ƙofar zama ɗan ƙasa ga zuriyar Yahudawan da aka kora a 1492. Dokar ba ta haɗa da zuriyar 'yan Morisko ba, kuma jikokinsu a Maroko sun fito sun nemi a yi musu irin wannan adalci.