Tarihin Titin Brick Lane a Birnin Landan

A gabashin birnin Landan, cikin unguwar da a ke kira Spitalfields, akwai wani siririn titi mai suna Brick Lane, watau Titin Tubali. Tsawonsa bai cika mil guda ba, faɗinsa kuwa da ƙyar motoci biyu su ke giftawa. Amma a cikin Ingila duka da wuya a sami titin da ya sauki baƙi iri iri kamarsa. Shekara fiye da 300 ke nan yana zangon talakawa masu gudun wahala, in waɗannan sun yi ƙarfi sun tashi, waɗansu su sauka.

Asalin sunan daga ƙasar wurin ya ke. A da can fili ne mai yumɓu a bayan ganuwar birni, inda a ke haƙa a gasa tubali. Da babbar gobara ta cinye Landan cikin shekarar 1666, sai aka bukaci tubali mai yawa don sāke gina gari, hanyar da amalanke ke bi ta zama titi, gidaje suka soma tsirowa a gefenta. Dalilin da ya sa baƙi suka yi ta taruwa nan ba ɓoyayye ba ne. Cikin birni ƙungiyoyin masu sana'a ke da iko, ba su yarda baƙo ya kafa sana'a ba, amma a bayan ganuwa ikonsu ba shi da ƙarfi. Ga shi kuma kusa da bakin Kogin Thames inda jiragen ruwa ke tsayawa, mutum ya sauko da ƙunshinsa ya tako da ƙafa. Har wa yau iskar ƙasar ta fi busowa daga yamma, tana koro hayaƙi da wari zuwa gabas, saboda haka masu hali suka zaɓi yamma, kuɗin haya ya yi araha a gabas.

Baƙin da suka fara cika wurin Faransawa ne, waɗanda a ke ce da su Huguenot. Su Kirista ne, amma ba 'yan Katolika ba. Cikin 1685 Sarkin Faransa Luwi na 14 ya soke dokar da ta ba su izinin yin ibadarsu, aka rushe majami'unsu, aka matsa musu ƙwarai. Dubban mutane suka tsallaka teku zuwa Ingila, da yawansu suka sauka a Spitalfields. Ba su zo da dukiya mai yawa ba, amma sun zo da sana'a, gama gwanaye ne wajen saƙar alharini. Waɗanda suka arzuta suka gina dogayen gidaje a titunan da ke kewaye, suka yi wa ɗakin can ƙoli manyan tagogi, domin masaƙi yana bukatar hasken rana tun safe har magariba. Har yanzu mai wucewa ta Titin Fournier, in ya ɗaga kai, zai ga tagogin nan.

Kada a zaci kowa ya ji daɗi. Alharinin da matan sarakai ke ado da shi, masu saƙa shi da yunwa su ke kwana. Mutanen Ayalan, da talauci ya koro daga tsibirinsu, suka zo suna karɓar aiki a kan lada kaɗan, masu gida kuwa suka sami hanyar rage wa kowa. Sai masaƙa suka riƙa fita da dare suna yayyanka saƙar duk wanda ya yarda da ragin. Cikin watan Disamba na 1769 aka rataye biyu daga cikinsu a bainar jama'a a Bethnal Green, John Doyle da John Valline, ɗaya asalinsa Ayalan, ɗaya Faransa. Hukuma ta zaɓi wurin ne da gangan, don maƙwabtansu su gani su tsorata. Bayan shekara 4 aka yi dokar da ta sa alƙalai su riƙa yanka ladan saƙa, aka ɗan sami sauƙi. Amma an soke ta a 1824, kana a 1860 Ingila ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da Faransa, alharinin waje ya shigo ba haraji. Nan sana'ar ta durƙushe, ba ta sāke tashi ba. Jikokin Faransawa kuwa tuni sun saje da Turawan Ingila, waɗansu har sun juya sunayensu.

Ba a daɗe ba sai ga Yahudawa. Cikin 1881 aka kashe Sarkin Rasha, aka ɗora musu laifi, aka dinga ƙona unguwanninsu. Daga nan zuwa 1914 fiye da 100,000 suka shigo Ingila daga Rasha da Folan, Spitalfields ta cika maƙil. Ɗakunan da a da a ke jin ƙarar saƙa suka koma ɗakunan keken ɗinki, mutum goma a ɗaki guda, suna ɗinki tun asuba har tsakar dare. Allunan kantuna suka koma rubutun Ibraniyanci. Aka buɗe mahauta masu yanka irin na addininsu, da gidajen wani burodi nasu mai huda a tsakiya kamar gammo, wanda har gobe a ke sayarwa a ƙarshen titin ta arewa. Tun da ya ke ranar Asabar ba su ciniki, sai kasuwar Lahadi ta yi ƙarfi, a kan baje tsofaffin tufafi da takalma da tarkace iri iri a bakin hanya.

Su ma ba su tsira daga tsangwama ba. Aka ce sun cinye aiki, sun tsawwala haya, sun kawo ƙazanta, irin maganganun da aka yi wa na gabansu. Wannan ƙorafi ne ya haifi dokar taƙaita shigowar baƙi ta 1905. Ran 4 ga Oktoba 1936 kuma Oswald Mosley ya yi niyyar ratsa unguwar da mabiyansa masu baƙaƙen riguna, maƙiya Yahudawa. Jama'a suka fito suka tare Titin Cable, kudu kaɗan da Brick Lane, Yahudawa da 'yan dakon tashar jirgi mutanen Ayalan kafaɗa da kafaɗa, har aka fasa tafiyar. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda bom ya yi wa gabashin Landan ɓarna mai yawa, Yahudawan da suka sami abin hannu suka ƙaura zuwa arewacin birni.

Waɗanda suka gaje su Musulmi ne daga lardin Silhet, a ƙasar da yanzu a ke kira Bangaladash. Kakanninsu ma'aikatan jiragen ruwan Ingila ne, masu zuba kwal a wuta a can cikin cikin jirgi, aikin da Bature bai cika so ba. Waɗansu, in jirgi ya tsaya Landan, sai su sulale su zauna. Da fari maza ne kaɗai, suna ɗinki a shagunan Yahudawa, suna aika kuɗi gida. Bayan yaƙin 1971 da ya raba ƙasarsu da Pakistan, suka ɗauko iyali. Sannu sannu shagunan ɗinki da na rigunan fata suka koma hannunsu.

Duk labarin nan yana rubuce a jikin gini guda, a kusurwar Brick Lane da Titin Fournier. Faransawa suka gina shi majami'a a 1743, agogon ranar da suka kafa a bangonsa yana nan da shekarar a jiki. A 1809 wata ƙungiyar masu wa'azin Kirista ga Yahudawa ta karɓe shi, a 1819 ya koma hannun 'yan Methodist, a 1898 ya zama babban ɗakin ibadar Yahudawa. Da Yahudawa suka watse, Musulmi suka tara kuɗi suka saya, ya zama masallacin Juma'a a 1976. Ba wanda ya ƙwace shi daga wani da ƙarfi, ba kuwa wanda ya rushe abin da ya tarar. A 2009 aka kafa masa hasumiya ta ƙarfe a gefe.

Shekarun farko na Bangalawa sun yi tsanani. 'Yan jam'iyyar National Front kan tsaya a bakin titin kowace Lahadi suna sayar da jaridarsu, samari suna fasa tagogi, suna dukan wanda suka tarar shi kaɗai. Ran 4 ga Mayu 1978, ranar zaɓen ƙananan hukumomi, waɗansu samari uku suka soki wani matashin tela, Altab Ali, yana komawa gida daga aiki, ya mutu. Bayan kwana 10 mutum wajen 7,000 suka bi akwatin gawarsa cikin ruwan sama har ƙofar gidan Firayim Minista. Daga ran nan samarin unguwar suka daina sunkuyar da kai. Suka riƙa sammako suna mamaye kusurwar da 'yan jaridar nan ke tsayawa, har suka kore su. A 1998 aka sa wa filin shaƙatawa na kusa da inda ya faɗi sunansa. Ko da haka, ran 24 ga Afrilu 1999 wani bom mai cike da ƙusoshi ya tashi a titin, mutum 13 suka ji rauni.

A lokacin nan ɗinki ya riga ya ja baya, gidajen abinci sun maye gurbinsa. Shinkafa da miyar kori suka yi wa titin suna, aka kafa baka a mashigarsa, aka rubuta sunayen hanyoyi da Ingilishi da Bangalanci, unguwar ta sami laƙabin Banglatown. Sai dai sunan da ya jawo masu ciniki shi ya jawo masu kuɗi. Babbar ma'aikatar giya ta Truman, wadda ta daina aiki a 1989, ta zama mazaunin masu zane da kantunan 'yan gayu, haya ta yi ta hawa. Wani bincike na ƙungiyar Runnymede ya nuna gidajen abincin kori sun ragu daga wajen 60 zuwa 23 cikin shekara 15, a farkon 2020. Na da sun tashi ne don sun sami wadata, waɗannan kuwa tsada ke ture su. A 2021 hukumar gundumar Tower Hamlets ta amince a gina kantuna da ofisoshi a filin ma'aikatar giyan nan, ko da ya ke mutum fiye da 7,000 sun rubuto cewa ba su yarda ba.