Mahaɗin salak na lemon tsami: abin da ya ƙunsa da amfaninsa ga jiki

Mahaɗin salak na lemo shi ne ruwan lemon tsami ko na lemon zaƙi da ake kaɗawa da mai da ɗan gishiri, a zuba a kan ɗanyen ganye. A girkin Faransa, inda ake amfani da binega ko lemo, ƙa'idar ita ce kashi 3 na mai, kashi 1 na tsami. A ƙasar Hausa ma akan matsa lemon tsami a kwaɗon zogale ko na latas, a haɗa da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli.

Bitamin C da ke cikin mahaɗin ba shi da yawa. Giram 100 na ruwan lemon tsami na ɗauke da kusan miligiram 30, wato cokali ɗaya babba bai wuce miligiram 5 ba, alhali hukumomin WHO da FAO sun ce baligi na buƙatar miligiram 45 a kullum.

Babban amfaninsa shi ne taimaka wa jiki ya ci moriyar ganyen. Sinadarin ayon da ke cikin tsirrai yana da wuyar shiga jini, amma bitamin C na sauƙaƙa wa hanji tsotsarsa idan an ci su tare. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a Najeriya, inda binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 na fama da ƙarancin jini. Shan shayi a kan abincin kuwa yana rage wannan fa'ida.

Shi ma man yana da nasa aikin. Bitamin A da E da K a cikin mai suke narkewa. Wani bincike na Jami'ar Jihar Iowa ta Amurka a 2004 ya nuna cewa wanda ya ci salak da mahaɗi marar mai kusan ba ya samun sinadarin karotin na karas da tumatir, wanda jiki ke mayarwa bitamin A.

Sai dai akwai iyaka. Cokali ɗaya na mai na da kalori kusan 120. Zafi da iska na lalata bitamin C, don haka ana matsa lemon ne dab da cin abinci. Tsaminsa kuma ba ya maye gurbin wanke ganye da ruwa mai tsabta, musamman wanda aka yi wa ban-ruwa da ruwan kwata.